Zane Biyu a Napoli

Shekara talatin da huɗu ina dafa gahawa
a ɗan shagona, bakin kasuwar kifi.
Ko da ido rufe, hancina kan gaya mini
wadda ta yi, wadda ta ƙone, wadda aka yi wa algus.
Ran Talata da asuba na buɗe gwangwani na shaƙa,
sai na ji kamar na cusa hanci a aljihun da ba komai.

Filomena ba ta ce uffan ba.
Ta miƙo ɗan kwalin da ta sayo a kantin magani tun watan jiya,
ta koma bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

Tsinken auduga, dogo, marar kunya,
ya shige hanci har sai da na ambaci kakata.
Hawaye, atishawa, ɗigo uku a ramin farar roba,
sannan jira.
Minti goma sha biyar, in ji takarda.
Ko biyar ba a yi ba zane na biyu ya fito,
jawur, ko sallama babu.

Aka ba ni ɗakin ɗinki.
Ni da keken da tsohon madubi muka zama 'yan gida ɗaya.
Zazzaɓi kan zo da dare kamar mai bin bashi,
ya zauna mini a ƙirji yana ƙirga haƙarƙarina.
Tari kuwa, har karen Don Aniello na ƙasan bene
ya riƙa amsa mini.

Bango ya zama wayarmu.
Bugu ɗaya: kana nan?
Bugu biyu: ina nan.
A dare na huɗu barci ya sace ni, ban amsa ba,
sai ga ta ta banko ƙofa,
takunkumi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya,
ta zage ni tas, ta fita tana kuka.
Shekara arba'in da aure,
ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Da hantsi nakan zura kwando da igiya daga baranda.
Nunzia, 'yar ƙanwata, ta sa burodi, lemun tsami, sabon kwalin gwaji,
wata rana har da jirgin ruwan da ɗanta ya zana.
In jawo a hankali, ina hutawa a kowane hawa,
ni da nake saɓa buhu a kafaɗa.
Ƙararrawar coci ta buga, titi ba kowa,
sai shanyar mutane ke kaɗawa tsakanin benaye.
Dutsen Vesuvio na can nesa, ko a jikinsa.

Na jera robobin gwajin a bakin taga.
Biyu. Biyu. Biyu.
Rana ta tara na biyun ya dushe,
na karkata shi wajen haske, na kanne ido,
ina ciniki da shi kamar mai sayen kifin yamma.
Rana ta sha ɗaya, zane ɗaya tak.
Filomena ta sa tabarau, ta duba, ta sake dubawa,
ta ce, "To fito, ka yi wanka."

Na fito, amma hanci bai biyo ni ba.
Miya ruwan zafi, gahawa baƙin ruwa,
wuyan matata ma ba ya ƙamshin kowa.
Wannan kam babu kwalin da ke gwada shi.
Kowace safiya in buɗe gwangwani, in shaƙa, in rufe.
Mako uku cur.

Yau ina zaune ina gyaran igiyar kwando,
ita tana waya da Nunzia, ta manta kasko a wuta.
Wani abu ya sosa ni can ciki, siriri, mai ɗaci.
Na miƙe zumbur.
"Filomena! Tafarnuwa na ƙonewa!"

Ta ruga, ta sauke kaskon, tana korar hayaƙi da tsumma,
sai ta tsaya cak. Ta juyo.
"Wa ya gaya maka, Gaetano?"